Marar lafiya da ba ya motsi yana iya jin maganarku

Haɗarin mota ko na babur, bugun jini, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna iya taɓa ƙwaƙwalwar mutum har ya shiga doguwar suma. Wani yakan farfaɗo bayan ƴan kwanaki. Wani kuma yakan buɗe ido, yana barci yana farkawa, amma ba ya magana, ba ya amsa kira. Da can likitoci suna ɗaukar irin wannan marar lafiya bai san abin da ake ciki ba ko kaɗan. Yanzu bincike ya nuna cewa wasu daga cikinsu suna ji, suna kuma ganewa. Jiki ne kawai ya ƙi yi musu biyayya.

Yadda aka gano

Duk ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke aiki yana jawo jini fiye da sauran, kuma yana fid da wata ƴar wutar lantarki marar ƙarfi. Ko mutum bai motsa ba, in ya yi tunanin motsi kawai, ɓangaren da ke kula da motsi yakan tashi aiki. Akwai na'urori da ke ganin wannan, su kai labari ga kwamfuta.

A shekarar 2006, wani masani mai suna Adrian Owen da abokan aikinsa a garin Kambirij na ƙasar Ingila suka ba da labarin wata mata mai shekara 23. Haɗarin hanya ya same ta, ta yi wata 5 ba ta amsa kowa. Suka sa ta cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Suka ce ta yi tunanin tana buga ƙwallon tanis, daga baya ta yi tunanin tana zagaya ɗakunan gidanta. Ƙwaƙwalwarta ta yi aiki daidai da ta masu lafiya.

A 2010 aka gwada marasa lafiya 54 a Ingila da Beljiyam. Mutum 5 suka iya bin umurni da tunaninsu. Aka koya wa ɗaya daga cikinsu amsa "i" ko "a'a": tunanin wasa shi ne amsa ɗaya, tunanin gida shi ne ɗayar. Aka yi masa tambaya 6, har da ta sunan mahaifinsa, ya ba da amsa daidai a kan 5.

Hula mai wayoyi

Na'urar hoto babba ce, ga tsada. Don haka ana amfani da wata dabara mai sauƙi. Ana manna ƙananan wayoyi a fatar kai, ba tare da tiyata ba. Likita ya ce: "Yi ta buɗe hannunka kana rufewa." Can kuma ya ce: "Dakata." Hannu ba ya motsi, amma kwamfuta tana duba ko wutar ƙwaƙwalwa ta sake tsakanin umurnin biyu.

A 2019, likitocin birnin Niw Yok na Amurka suka gwada haka ga mutum 104. Ƙwaƙwalwar mutum 16 ta amsa. Bayan shekara guda, 7 daga cikin 16 ɗin suna iya wuni ba mai tsaye a kansu. Wani babban bincike na 2024 ya duba mutum 241 da ba sa amsawa, ya sami 60 da ke bin umurni a ƙwaƙwalwa, wato 1 cikin 4.

Waɗannan na'urori ba sa warkarwa, ba sa kuma karanta sirrin zuciya. In ba su nuna komai ba, ba hujja ce ta cewa mutum ba ya ji ba, domin gajiya ko ƙarfin magani na iya hana shi amsawa. Ko a ƙasashe masu arziki, asibitoci kaɗan ne ke yin wannan gwaji.

Abin da mai jinya zai yi

Darasin bai tsaya ga masu na'ura ba. Duk mai jinyar wanda ya suma ya ɗauka ana jin sa. Ku gai da shi da sunansa, ku gaya masa wanda ya zo dubiya. Kada a yi zancen mutuwa ko rabon gado a gabansa. Kada a ɗura masa ruwa, fura ko rubutu a baki, don yana iya shaƙewa. A kwantar da shi a kan gefe, a riƙa juya shi kowane awa 2 don kada gyambo ya fito masa. In kun ga yana bin mutum da ido ko yana matsa hannu in an yi magana, ku sanar da likita. Wanda ya suma a gida ko a gona, a gaggauta kai shi asibiti, kada a jira gobe.

Masu hawa babur kuma su sa hular kwano, iyaye su kai yara rigakafin sanƙarau, a kwana cikin gidan sauro. Wanda kuwa ke da marar lafiya kwance ya yi haƙuri da jinya, ya tausasa harshe. In da rai, da rabo.