Cajin naira 5 da talaka ke saya naira 100

Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da ke hannun matasa yanzu suna da batir mai 5,000mAh. Idan aka auna da mitar gida, wutar da yake ɗauka wajen kashi 2 cikin 100 na yunit ɗaya ce. Ko a farashin Band A, wanda hukumar NERC ta kai naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, cika wayar wajen naira 5 ne kacal. Amma wanda babu wuta a gidansu, in ya kai shagon caji aka karɓi naira 100, ya biya ninki 20. Mai shagon ma ba cuta ya yi ba, fetur yake zuba wa janareta, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san inda farashin lita ya kai.

Wannan shi ake kira talaucin makamashi: gida ya rasa wuta, ko ya same ta da tsadar da ta fi ƙarfinsa. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya miliyan 85 ba sa kan layin lantarki, kuma rashin tsayayyar wuta na jawo wa ƙasar asarar kusan dala biliyan 26 duk shekara.

Asarar nan daga ƙananan sana'o'i take taruwa. Mai POS da na'urarsa ta mutu da azahar ya tashi aiki. Mai ƙanƙara, mai walda da mai niƙa duk ribarsu a tankin janareta take ƙarewa. Matashin da ke koyon haɗa manhaja kuwa, kwamfutarsa awa uku take yi ta ɗauke, alhali wanda yake gasa da shi a Indiya yana nan yana aiki. Hatta data abin ya shafa, domin akasarin turakun sadarwa da dizal suke aiki. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama sun kwashe kwanaki cikin duhu, shagunan caji suka cika maƙil.

Sola tana rage wahalar, sai dai kuɗinta a dunƙule ake biya tun farko, abin da talaka ba shi da shi. Shi ya sa kamfanoni irin su Sun King ke bayar da ita a biya kaɗan-kaɗan, in aka daina biya na'urar ta kulle kanta.