Tankin da Ke Haihuwar Fetur

Ga kacici-kacici: wace mota ce idan an murɗa makulli allura ta ce fetur kwata ne, da an tada injin kuma sai ya haura rabi, alhali ko ɗigo ba a zuba ba? Kada ka yi saurin ba ni gari. Da saura. Allurar zafi ma tana bin sawunta, tana hawa har bakin ja, a safiyar hunturu.

Motar Land Rover Series III ce, irin waɗanda aka ƙera a Ingila daga 1971 zuwa 1985. Wani dattijo ya kawo ta garejin abokina mai gyaran wutar mota, don a sabunta mitocin gaban direba: gilashi ya dushe, allurai sun koɗe, ƙwayayen fitila sun mutu. "Malam," in ji shi, "sau biyu tana mutu mini a hanya, allura na cewa da sauran mai."

Wa za a fara tuhuma? Injin, mana. Allura ta ce zafi, to a duba lagireto. Ruwa cike, fambel a ɗaure, babu yoyo. Muka tsoma ma'aunin zafi a ruwan bayan injin ya jima yana aiki. Bai ko kusa tafasa ba. Injin ya fita daga zargi, amma allura na nan kan bakanta.

Sai ɗan ƙarfen da ke ɗaure a kan injin, mai aika labarin zafi. Aka sa sabo. Allura ta hau daidai inda take hawa.

To, tanki. Aka ɗaga kujerar da tankin ke ƙarƙashinta, aka zaro abin da ke yawo a saman man, aka ɗaga shi aka sauke. Lafiya lau yake. Ni dai a nan na ɗora laifin a kan mitocin kansu, ƙirar kamfanin Smiths, tunda sun tsufa. Kai ma haka ka zata, ko? Abokina ya haɗa su da wata wuta a kan tebur. Duk biyun suka faɗi gaskiya.

Shiru ya biyo baya.

Sannan ya ce, "Ka lura? Tare suke ƙarya. Kuma gefe guda."

Shaidu biyu, ba su san juna ba, bakinsu ya zo ɗaya. Ɗaya a injin, ɗaya a tanki. Me ya haɗa su? Muka bi waya. Koriya mai haske ce, daga bayan mitocin ta nufi bayan mitar gudu. Can ta tsaya.

Wani ɗan akwatin ƙarfe ne, bai kai kwalin ashana ba, da ƙafafu masu alamar B da I. Aikinsa ya ba ni sha'awa ƙwarai. Batir yana ba da bolt 12 da ɗoriya, idan injin na caji ya kai wajen 14, su kuwa waɗannan mitoci bolt 10 aka auna musu. A cikin akwatin akwai siririn falle na ƙarfe iri biyu a manne, an naɗe shi da waya mai ɗumama shi. Ya yi zafi, ya lanƙwashe, ya yanke wuta. Ya huce, ya miƙe, ya mayar. Haka yake yi ba hutawa, matsakaicin abin da ke fita ya tsaya a 10. Allurai kuma da zafi suke motsi a hankali, shi ya sa ba sa rawa.

Saboda haka mai lafiya ƙiftawa yake yi. Abokina ya ɗora fitilar gwaji a ƙafar I. Na ƙura ido.

Ta kama. Ba ta ƙifta ba.

Akwatin ya mutu ke nan? A'a, saura mataki ɗaya. Wayar ɗumamar ba ta aiki sai wuta ta sami hanyar komawa ta jikin akwatin, ta bi gwangwanin mitar gudu, ta kai ƙarfen mota. A Series III allon mitocin roba ne, ba ya ɗaukar wuta. Baƙar waya guda ce ke wannan aiki, a ƙarƙashin notin da ke riƙe mitar. Abokina ya sa yatsa ya taɓa ta. Zoben bakinta ya yi kore shar da tsatsa, yana lilo.

Ga ɓarawon. Fallen bai taɓa ɗumi ba, don haka bai taɓa yanke wuta ba. Duk abin da batir ya bayar, kai tsaye yake shiga mitoci. Injin ya tashi, caji ya hau, allurai biyu su hau tare. Fetur ɗin da dattijo ke gani, wutar caji ce.

Aka goge wurin da samfefa har ya yi ƙyalli, aka sa sabon zobe, aka ɗaure tam. Fitila ta fara ƙiftawa. Sauran aikin ya tafi salin-alin: aka wanke gilasai, aka sake wa allurai fenti da siririn buroshi, aka canza robobin gefe da ƙwayayen fitila. Fuskokin mitocin kuwa ƙyalle mai laushi kawai suka gani, domin farin rubutunsu ba ya jure gurza.

Da aka tada injin, allurar zafi ta tsaya a tsakiya, ta mai ta zauna ƙasa da kwata. Abokina ya leƙo ta taga: "Baba, kafin ka ɗau hanya, ka biya gidan mai."