Kafin ku zuba kuɗin asusu a hatsi

'Yan uwa mata, idan asusu ya tara kuɗi, mukan ce a sayi masara da kaka, a ajiye, a sayar da damina. Dabara ce mai kyau, amma fa ba damina kaɗai ke yanka farashi ba. Gwamnati ma tana da hannu, ta hanyar rufe boda ko buɗe ta, da harajin da take ɗora wa abincin waje.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe boda don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Shinkafar gida ta yi daraja, manoman Kura suka samu, mai zuwa awo kasuwar Tarauni kuwa ta ji a jikinta.

A Yulin 2024 abin ya juya. Saboda tsadar abinci, gwamnatin Tinubu ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Zuwa 2025 hatsi ya sauko a Dawanau, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye suka tafka asara.

Manomi na son a rufe, mai awo na son a buɗe. Ranar da kuka ajiye buhu, kun koma layin manomi.

Don haka kada kuɗin ƙungiya duka ya tafi a hatsi iri ɗaya, kada kuma ku ci bashi don ajiya. Ku wakilta mace ɗaya ta riƙa bin rediyo, tana kawo muku labarin boda da farashin Dawanau a kowane zama.