Yadda na'urar gwajin tarin fuka ta shiga yaƙi da sankarar jini

Mutum ne ya yi watanni yana ramewa, gumi na karyo masa da dare, ga nauyi a gefen hagu na cikinsa. A mafi yawan unguwanninmu, maganin zazzaɓin cizon sauro za a fara ba shi, idan bai ji sauƙi ba a koma kan taifot. Alhali ƙirga ƙwayoyin jini kaɗai zai iya nuna cewa fararen ƙwayoyin sun yi mummunan yawa, nauyin nan kuwa saifa ce ta kumbura. Haka wani nau'in sankarar jini da likitoci ke kira CML ke bayyana.

A shekarar 1960, Peter Nowell da David Hungerford suka lura a birnin Filadelfiya na Amurka cewa ɗaya daga cikin sandunan gado da ke ƙwayoyin masu wannan cuta ya gajarce. Sai a 1973 Janet Rowley ta gano dalili: sanda na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. A inda suka haɗu ake samun gurɓataccen ƙwayar gado mai suna BCR-ABL, wadda ke tilasta wa ɓargo ya yi ta haifar da fararen ƙwayoyi ba ƙaƙƙautawa. Da aka san makunnin, sai aka nemi abin kashe shi. Aikin Brian Druker da masanan kamfanin da ya zama Novartis ya haifar da imatinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2001. Cutar da a da ke kashe mutum cikin 'yan shekaru ta koma wadda ake rayuwa da ita ana haɗiyar ƙwaya kullum. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu shan maganin suna raye bayan shekara goma.

Sai dai maganin ba na kowace sankarar jini ba ne. Dole a tabbatar akwai BCR-ABL kafin a fara, a kuma riƙa auna raguwarta bayan 'yan watanni. Nan ne talaka ke cijewa. Tun 2003 ake ba da maganin kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife, amma kuɗin mota daga Sakkwato ko Maiduguri da na gwaji suna wuyan majinyaci.

Sauƙin ya ɓullo ta ɓangaren masu cutar huhu. A ƙarshen 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da GeneXpert, na'urar da ke gano tarin fuka daga kakin majinyaci cikin sa'o'i biyu, har ta faɗi ko ƙwayar cutar ta bijire wa maganin rifampicin. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu tarin fuka, ta samu ɗaruruwansu. Ita na'urar ba ruwanta da wace cuta ce. Ɗan kwanson da ake zuba samfurin a ciki shi ke tantance gwajin, kuma kamfanin Cepheid ya ƙera wanda ke auna BCR-ABL a jini.

Ke nan abin da ya rage shi ne kwanson, da tsayayyar wutar lantarki, da ɗaki mai sanyi, domin na'urar ba ta jure zafi da ƙura irin namu. Waɗannan kuwa ba aikin masu bincike ba ne, na masu tsara kasafin lafiya ne a jihohi.