Karatun Taswira a Duwatsun Hoggar: Kusa a Takarda, Nesa a Ƙafa

Wanda ya taso daga Agadez ya bi Arlit, Assamaka da In Guezzam ya saba da fili, inda ido ke cin nisa. To, da ka iso Tamanrasset ƙasa ta sake. Garin kansa yana bisa tudun da ya haura mita 1,300, arewa da shi kuma duwatsun Hoggar ne, inda dutsen Tahat ya wuce mita 2,900. A nan raƙumi ya ɓace maka, ka bi sawunsa cikin kwazazzabo, ka waiwayo ka tarar duwatsun duk kama ɗaya. Gorar ruwa kuwa ba ta jira.

Shi ya sa yau za mu karanta taswira tare. Fara da ma'auninta. In an rubuta 1:200,000, santimita 1 a takarda kilomita 2 ke nan a ƙasa. Faɗin babban yatsanka kusan kilomita 4 ne.

Amma kar wannan ya ruɗe ka. Dubi siraran layukan nan masu lanƙwasa: kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya. Inda suka yi nesa da juna, ƙasa a kwance take, dabba za ta wuce. Inda suka matse, hawa ne mai tsanani, kar ka kai raƙumi mai kaya. Inda suka tsallaka kori sukan yi tsini kamar bakin mashi, tsinin yana nuna sama, wajen da ruwa ke fitowa. In gangara kake nema, ka ba tsinin baya.

Yanzu lissafin lokaci. Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya kawo ƙa'ida a 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane hawan mita 600. Ke nan rijiyar da ka gani santimita 3 daga zangonka, kilomita 6 ce. In akwai hawan mita 600 a tsakani, tafiyar ta wuce awa 2. Wannan fa na mai ƙarfi ne da ba ya kora garke. Kai da awaki, ƙara a kai, ka auna ruwanka da lokacin, ba da nisan ba.

Kafin ka ɗaga ƙafa, juya taswirar, samanta ya fuskanci arewa. In kana da kamfas, matsa nesa da mota da salula, don ƙarfe na karkatar da allurarsa. Wasu baƙaƙen duwatsun Hoggar ma suna yin haka, sai ka gwada a wuri biyu. Da dare tauraron arewa na nan: miƙa hannu, yana sama da gindin sararin sama kamar dunƙule biyu da ɗan ɗori. Sannan ka zaɓi dutse ɗaya da ka gane a takarda da kuma a ido. Kana tafiya kana waiwaye, domin fuskar dutse a zuwa daban take da ta dawowa.

Za ka ce ai akwai GPS a salula. Gaskiya ne, yana aiki ko babu rezo, amma sai ka sauke taswirar tun kana gari, kuma caji na ƙarewa.

Gargaɗi na ƙarshe: kori hanya ce mai sauƙi, amma kar ka kwana cikinsa, musamman a watannin Agusta da Satumba. Ana iya yin ruwa can bisa Atakor, kai ba ka ga ko ɗigo ba, ambaliya ta iske ka da tsakar dare. Ka faɗa wa mutanen zango inda ka nufa da ranar dawowarka, kuma in hanya baƙuwa ce, nemi ɗan ƙasa ya yi maka jagora.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya maido mu lafiya.