Matsalolin aika imel a manhajar kwamfuta

Matsalolin aika imel a manhajar kwamfuta su ne kura-kuran da ke hana saƙo fita daga manhajar imel da aka girka a kan kwamfuta, irin su Mozilla Thunderbird, Microsoft Outlook da Apple Mail. Alamar da aka fi gani ita ce saƙonni suna ci gaba da shigowa lafiya lau, amma wanda mutum ya rubuta sai ya maƙale a akwatin fita, ko manhajar ta nuna cewa ta kasa tura shi. Dalili kuwa shi ne hanyar shigowar saƙo daban take da hanyar fitarsa. Ana karɓa ta ƙa'idar IMAP ko POP3, ana aikawa ta ƙa'idar SMTP, kuma kowacce tana da saitinta. Gyaran matsalar ya dogara ne da sanin matakin da saƙon ya tsaya.

Yadda saƙo ke fita

Ƙa'idar SMTP ta fito a shekarar 1982 a cikin takardar RFC 821 da Jon Postel ya rubuta, kuma an sabunta ta a RFC 5321 ta shekarar 2008. Idan mutum ya danna maɓallin aikawa, manhajar ba ta kai saƙon ga mai karɓa da kanta. Tana miƙa shi ne ga uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da asusun imel ɗin, ita kuma ta miƙa shi ga uwar garken mai karɓa.

Miƙawar tana bin matakai biyar. Manhajar tana neman uwar garken da sunanta, ta haɗu da ita ta wata ƙofa mai lamba, su kulle layin da ke tsakaninsu don kada wani ya karanta abin da ke wucewa, ta gabatar da sunan mai asusu da shaidarsa, sannan ta ba da adireshin mai aikawa da na mai karɓa da saƙon kansa. Kowace matsalar aikawa tana faruwa ne a ɗaya daga cikin waɗannan matakai, ko bayan an kammala su.

Lambobin amsa

Uwar garke tana amsa kowane umarni da lamba mai alƙaluma uku, kuma manhaja takan nuna ta a cikin sanarwar kuskure. Lambar da ta fara da 2 tana nufin an karɓa, misali 250. Wadda ta fara da 4 tana nufin cikas na ɗan lokaci, kamar 421 da ke cewa uwar garken ba ta aiki a yanzu, don haka sake gwadawa daga baya yakan wadatar. Wadda ta fara da 5 kuwa ƙi ne na dindindin, kuma maimaita turawa ba ya amfani sai an sauya wani abu. Daga cikinsu akwai 530 da ke neman a gabatar da shaida, da 535 da ke nufin an ƙi shaidar da aka gabatar, da 550 da ke nufin babu akwatin mai karɓa ko an hana isar da saƙon, da 552 da ke nuna girman saƙon ya wuce iyaka. Idan babu wata lamba, sai dai sanarwar cewa lokacin jira ya ƙare, to yawanci manhajar ba ta ma kai ga uwar garken ba.

Ƙofa da kulle layi

Ƙofofi uku ne aka sani a harkar SMTP. Ta 25 ita ce ta asali, kuma a yau uwayen garke ne ke amfani da ita a tsakaninsu. Kamfanonin intanet da yawa suna toshe ta ga masu amfani na gida domin rage tarkacen saƙonni, shi ya sa saitin da ke aiki a ofis yakan ƙi aiki a gida ko a otal. Ta 587 ita ce aka ware a 1998 domin manhajoji su miƙa saƙo, kuma tana tafiya da tsarin STARTTLS, inda ake fara magana a buɗe sannan a kulle layin. Ta 465 tana kulle layin tun daga farko, kuma RFC 8314 ta 2018 ta ba da shawarar amfani da ita. Haɗa ƙofa da tsarin da ba nata ba kuskure ne da ake yawan yi. Ga Gmail, alal misali, sunan uwar garken shi ne smtp.gmail.com, da ƙofa 465 ko 587.

Kulle layi yana buƙatar takardar shaida mai wa'adi daga uwar garken. Idan agogon kwamfuta ya koma wata shekara ta baya, kamar yadda yakan faru idan ƙaramin batirin da ke cikinta ya mutu, manhajar za ta ɗauki takardar a matsayin marar inganci, ta ƙi haɗawa.

Kalmar sirri da shaida

Manhajoji kamar Thunderbird suna ajiye kalmar sirrin karɓa daban da ta aikawa. Wanda ya sauya kalmar sirrinsa yana iya gyara ta farko ya manta ta biyu. Haka kuma, idan akwai asusu fiye da ɗaya, wani asusun yana iya bi ta uwar garken wani, ita kuma ta ƙi saƙon saboda adireshin mai aikawa ba nata ba ne.

Manyan kamfanoni sun sauya yadda ake gabatar da shaida. Tun daga 30 ga Mayu 2022, Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun Gmail na ɗaiɗaikun mutane da suna da kalmar sirri kawai. Ana amfani da tsarin OAuth2, inda mutum ke shiga ta shafin kamfanin a ba manhajar izini, ko a ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 bayan an kunna tantancewa mai mataki biyu.

Cikas daga cikin kwamfuta

Katangar tsaro da manhajar riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta suna iya tare saƙo, musamman bayan an sabunta manhajar imel, domin sukan ɗauke ta a matsayin baƙuwa. Wani lokaci kuma manhajar tana yanayin aiki ba tare da intanet ba, sai saƙonni su taru a akwatin fita. Girman fayil ma yana kawo cikas: Gmail ya ƙayyade abin da ake liƙawa a megabait 25, kuma tsarin Base64 da ake shirya fayil da shi yana ƙara masa kusan kashi ɗaya bisa uku na girmansa. Babban saƙo ɗaya da ya maƙale yana iya tsare na bayansa.

Matakan bincike

Ana farawa da rubuta sanarwar kuskuren yadda take, tare da lambarta. Daga nan a shiga asusun ta burauza a aika saƙo. Idan ya tafi, asusun lafiyarsa lau, matsalar tana manhaja ko layin intanet. Sai a gwada wani layin, misali intanet ɗin waya. Idan saƙon ya fita, layin farko ne ke toshe ƙofar. Bayan haka a gwama sunan uwar garke, da lambar ƙofa, da tsarin kullewa, da hanyar shaida da abin da kamfanin imel ya wallafa. Ana sauya abu ɗaya ne a lokaci guda, a gwada da gajeren saƙo zuwa adireshin kai, domin a san gyaran da ya yi aiki. Goge asusu daga manhaja shi ne matakin ƙarshe, kuma yana da haɗari ga mai amfani da POP3, saboda saƙonninsa na iya kasancewa a kwamfutar kaɗai suke.

Saƙon da ya fita amma bai isa ba

Ajiye kwafi a jakar saƙonnin da aka aika aiki ne na IMAP. Saboda haka manhaja tana iya cewa ta kasa ajiye kwafi alhali saƙon ya riga ya tafi, kuma sake turawa zai kai wa mai karɓa saƙo biyu. Akasin haka ma yana faruwa: ganin saƙo a jakar ba ya tabbatar da isarsa. Idan uwar garken mai karɓa ba ta amsawa, ta mai aikawa takan ci gaba da gwadawa na kwana huɗu zuwa biyar kafin ta dawo da sanarwar gazawa. Ƙungiyoyin da ke aika imel da sunan yankinsu na intanet suna buƙatar bayanan SPF, DKIM da DMARC, waɗanda ke tabbatar da cewa saƙon daga wurinsu ya fito. Tun daga Fabrairu 2024, Gmail da Yahoo suka wajabta su ga masu aika saƙonni da yawa, kuma rashinsu yana sa a ƙi saƙo ko a jefa shi cikin tarkace, ko da saitin manhajar daidai yake.