Anna Atkins: Macen Da Ta Fara Buga Littafin Kimiyya Mai Hotuna

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin nazarin halittu a yau zai iske shi cike da hotunan tsirrai da dabbobi. Kafin shekarar 1843 babu littafi irin wannan. Masana sun dogara ne ga zanen hannu, shi kuwa mai zane yakan ƙara ko ya rage ba da saninsa ba. Wadda ta fara magance wannan matsala mace ce 'yar ƙasar Ingila, mai suna Anna Atkins.

Tarihinta a Taƙaice

An haifi Anna a garin Tonbridge a shekarar 1799. Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, don haka ta tashi a hannun mahaifinta, John George Children, masanin kimiyyar haɗa sinadarai da nazarin dabbobi. Shi ya koya mata kimiyya a zamanin da jami'o'in Ingila ba su karɓar mata. Babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar, wato Royal Society, sai a 1945 ta fara ɗaukar mata. Ita dai Anna ƙungiyar masana tsirrai ta Landan ce ta karɓe ta a 1839.

Yadda Ta Ɗauki Hotunan

A 1842 wani aminin gidansu, John Herschel, ya gano hanyar ɗaukar hoto da ake kira sayanotayif, wadda ba ta bukatar kyamara. Ana narka gishirin ƙarfe iri biyu a ruwa, a shafe takarda da su, a bar ta ta bushe a cikin duhu. Daga nan sai a shimfiɗa tsiron a kan takardar, a danne da gilashi, a fitar rana na wasu mintoci.

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, mai suna altarabayolet. Duk inda wannan haske ya taɓa takardar, yakan sauya yanayin ƙarfen da ke cikin gishiri na farko, shi kuma ya haɗu da gishiri na biyu, su haifar da launi shuɗi kamar na shuni, wanda ruwa ba ya narkar da shi. Inda tsiron ya tare hasken kuwa, gishirin yana nan yadda yake. Da an wanke takardar da ruwa sai ya fita, siffar tsiron ta bayyana fara fat, daidai da girmansa na ainihi.

Littafin Nata

Anna ta zaɓi gansakukar teku, domin rassan wasu irinta siriri ne kamar gashi, suna da wuyar zanawa. Haka kuma littafin da William Harvey ya wallafa a kan wannan fanni a 1841 ba shi da zane. A watan Oktoba na 1843 ta fitar da kashin farko na littafinta mai suna Photographs of British Algae, ta riga shahararren littafin Henry Fox Talbot wanda ya fara fitowa a 1844. Ta kammala aikin a 1853 da hotuna kimanin 400. Kowane shafi na kowane kofi da hannu ta yi shi, ke nan dubban takardu ta shafa, ta shanya, ta wanke.

Sai dai harufan A.A. kawai ta sa a madadin sunanta. Bayan rasuwarta a 1871 aka manta da ita, har a 1889 wani mai tara littattafai ya zaci harufan suna nufin wani marar suna mai yin hoto don sha'awa. Binciken Larry Schaaf, wanda aka buga a 1985, shi ya maido mata da matsayinta.

Kammalawa

Malamai na iya nuna wa ɗalibai tushen wannan dabara ba tare da sinadari ba. A ɗora ganyen zogale a kan takarda mai launi, a danne da gilashi, a ajiye a rana na 'yan kwanaki. Launin takardar zai koɗe ko'ina, ban da inda ganyen ya rufe. Ɗalibai, maza da mata, sai su gwada siffar da ta fito da wadda suka zana da hannu, su ga wadda ta fi kama da ganyen.